Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba

Akwai tambayar da nake roƙon mu rage yi wa ɗaliban jami'a a ƙasar nan: "Yaushe za ka gama?" Na san ba da mugun nufi ake yin ta ba. Kawu ne a wurin suna, ko maƙwabci bayan an idar da sallar Juma'a, ko gwaggo da ta zo gaida Umma. A wurinsu gaisuwa ce, kamar a ce maka ya gajiya. Shi kuwa wanda aka tambaya sai ya tsaya ya laluɓo amsar da shi kansa bai yarda da ita ba. Shekara uku a jere ina cewa "baɗi in sha Allahu", har wata ƙanwar babana ta ce wai ni baɗin nan nawa a ƙafa yake tahowa ne? Aka yi dariya, ni ma na taya su. Da na koma ɗaki, tuwon dare bai ciwu ba.

Abin da nake gani shi ne, muna ɗora wa yara wani jadawalin rayuwa da aka yanka wa iyayensu, a zamanin da ƙasar take iya cika alkawari, sa'an nan idan jadawalin ya ƙi tafiya sai mu bar yaron da kunyar abin da ba shi ya jawo ba. Kuma ina ganin ɗalibin da ya kai ga sakin wannan jadawali bai yi asarar komai ba, ko da a gida za a ɗauka ya karaya ne.

Ni nawa jadawalin a rubuce yake. A 2016, muna ajin ƙarshe na sakandare, wani malaminmu mai kirki ya sa kowa ya yago takarda ya rubuta inda yake son ya ga kansa shekara bayan shekara. Na rubuta da shuɗin biro: 2017 shiga jami'a karatun likita, 2023 gamawa, sai hidimar ƙasa, sai aure ina ɗan shekara 27, sai a 2028 in biya wa Umma kujerar Makka. Na ninke ta huɗu na cusa a walat bayan katin shaida. Sau biyu na zauna jarrabawar JAMB makina bai kai na likita ba, a ƙarshe na karɓi kimiyyar sinadarai, na shiga a 2019. Na fito da takardar na gyara da jan biro: shekara huɗu ce, 2022 an gama. Har daɗi na ji, wai na ci ribar shekara guda.

Sauran labarin kowa ya san shi. A watan Maris na 2020 korona ta rufe makarantu, a watan ne kuma malaman jami'o'in gwamnati suka shiga yajin aikin da bai ƙare ba sai 23 ga Disamba, wata tara. Aka dawo, ana ta gudu a cike gurbi, sai ranar 14 ga Fabrairu 2022 aka sake fita, ba a janye ba sai 14 ga Oktoba, bayan magana ta kai gaban kotu. Wata takwas. Haɗa su, wata 17 ke nan a cikin digirin da aka ce na shekara huɗu ne. Ban zo rabon laifi tsakanin malamai da gwamnati ba, an daɗe ana wannan muhawara tun daga yarjejeniyar da ɓangarorin biyu suka ƙulla a 2009. Abin da ya dame ni shi ne wanda ke tsakiya, wanda ba a zama da shi a teburin sulhu, amma shi ne za a tare a bakin masallaci a tambaya yaushe zai gama.

Ranar Litinin 29 ga Agusta 2022 aka sanar cewa yajin aikin ya zama na sai baba-ta-gani. Ina Kabuga a lokacin, na je karɓar wasu takardun lacca a wurin abokina, don har lokacin ina yaudarar kaina cewa ina karatu a gida. A waya na ga labarin. Ina da kuɗin adaidaita sahu a aljihu, kuma gidanmu a Gwammaja yake, da na bi titin Aminu Kano da tuni na isa. Amma na san abin da zan tarar: Baba a kan tabarma a ƙofar gida da rediyonsa, ya riga ni jin labarin, zai dube ni ya ce "To, sai yaushe ke nan?" Sai kawai na miƙi hanya da ƙafa, na bi ta Tal'udu na shiga Sabon Titi, ba tare da na san inda na nufa ba.

Wanda ya tashi a Kano yakan manta cewa a cikin tsohon gari yake. Ta wannan Ƙofar Kabuga aka ce sojojin Turawa suka shigo a Fabrairun 1903, lokacin Sarki Alu yana can wajen Sakkwato. Ganuwar da suka keto, tun zamanin Sarki Gijimasu aka fara ta, wajen ƙarni na 12, sarakunan baya suka yi ta faɗaɗa ta. Yau abin da ya rage a wurare da yawa tudun jar ƙasa ne da damina ke zaizayewa, awaki na hawa, an kafa shaguna a gindinsa. Ba zan mai da ganuwa wa'azi ba, ranar ma ban yi wani dogon tunani a kanta ba. Na dai lura cewa shekara uku ina wuce ta a cikin adaidaita, kaina a sunkuye a kan waya ina lissafin maki, ban taɓa ɗaga ido na dube ta ba.

A wajen Mandawari na ga wasu dattawa huɗu a kan benci a inuwar wani shago, da ganin su ka ga tsofaffin ma'aikata: hula a karye daidai, takalmi a goge, jarida ɗaya tana zagayawa. Irin su Baba ne. Kuma a nan nake son in yi musu adalci, domin jadawalin da suke ɗora mana ba ƙirƙirar sa suka yi ba, a kansu ya faru. An ƙirƙiri Jihar Kano a 1967, gwamnatin Audu Bako da waɗanda suka biyo ta suna neman masu ilmi ruwa a jallo. Kuɗin mai ya shigo, aka yi ƙarin albashin Udoji a 1974, aka buɗe shirin ilmin firamare na bai ɗaya a 1976 wanda ya buƙaci malamai ba adadi. Masana'antu suna aiki a Bompai, daga baya Sharaɗa da Challawa. Baba yakan ba mu labari cewa kafin ya rubuta jarrabawarsa ta ƙarshe ya riga ya san ofishin da zai zauna, bai daɗe da kama aiki ba aka ba shi rancen mota, ya sayi Peugeot da aka haɗa a Kaduna. Mutumin da rayuwa ta yi wa haka, in ya ce maka ka yi karatu komai zai biyo baya, ba ƙarya yake yi ba. Abin da ya gani yake faɗa.

Sai dai tun daga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 wannan hanya ta fara cushewa. Masaƙu suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya, jami'o'i suka ninka, masu kwali suka yi yawa, kujerun ofis ba su ƙaru yadda mutane suka ƙaru ba. Har ta kai a 2023 wani kwamitin Majalisar Wakilai ya zauna yana sauraren shaidu a kan cinikin guraben aiki a ma'aikatun tarayya. Wanda yake da uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya, wannan tsohuwar magana ce, amma da can marar uwar ma yana samun ɗan romo. Kiɗa ya canza tun kafin a haife ni. Mu ne aka bari muna taka tsohuwar rawa, kuma in muka yi tuntuɓe a ce ba mu iya ba.

Na wuce ta Ƙofar Kudu, gidan Rumfa a hannu ɗaya, Gidan Makama a can gefe, na yi azahar a babban masallaci, na gangara Ƙofar Mata. A nan ne abin da nake son in faɗa ya faru, kuma ba wani babban abu ba ne.

Na shiga karofi. Sau ɗaya na taɓa zuwa, muna firamare aka kawo mu. Ana cewa tun 1498 ake rini a wurin. Ramuka ne birjik a ƙasa, amma mafi yawansu sun mutu, wasu an rufe, wasu ruwan sama da ledoji sun cika su. Kaɗan ne ke da rai, an kifa musu murfin saƙa mai kama da malafa. Wani dattijo yana zaune a bakin nasa, ya sa dogayen safar roba har gwiwar hannu, yana tsoma farin yadi yana ɗagowa. Na gaishe shi, na tsuguna. Ruwan ramin baƙi-ƙirin, da kumfa mai sheƙi a sama, ga wani wari mai tsami da ke kama maƙogwaro. Idan ya ɗago yadin sai ya fito kore-kore, ya riƙe shi a iska, a kan idonka ya riƙa juyewa yana zama shuɗi. Ya sake tsomawa, ya sake ɗagowa, kowane zuwa shuɗin yana ƙara duhu.

Da a tatsuniya ne, da nan dattijon zai gaya mini wata magana mai hikima in koma gida da ita. Abin da ya yi shi ne ya nemi ya sayar mini da ɗankwali, ya yi ƙorafin cewa Turawa masu yawon buɗe ido sun daina zuwa, atamfar waje ta kashe kasuwa. Da ya ji ni ɗan jami'a ne sai ya ce, "To samari, yaushe za ka gama?" Shi ma ɗansa yana kwalejin kimiyya da fasaha, kuma addu'arsa kullum Allah ya ba yaron aikin ofis kada ya gaji wannan wahala. Na ce Allah ya amsa, Baba.

Da ya ji abin da nake karantawa sai ya ce, to ku masu ilmin haɗe-haɗe, me ya sa in hunturu ya shigo sabon rami yake daɗewa bai tashi ba, alhali baba ɗaya ne, toka ɗaya ce, ruwa ɗaya ne? Na buɗe baki na rufe. Na yi 'yan kame-kame, na ce zan duba. Ya yi murmushi ya ci gaba da aikinsa.

Abin haushin, na san amsar. Ƙwayoyin bakteriya ne ke ruɓar da ganyen baba su mai da launin ya narke a ruwa, kuma sanyi yana rage musu kuzari, shi ya sa ramin ke jinkiri. Juyewar kore zuwa shuɗi kuwa aikin iskar oksijin ne. Na karanta irin wannan, na rubuta a jarrabawa, na ci. Amma sai bayan awa biyu amsar ta faɗo mini, saboda ban taɓa karanta shi a matsayin abin da ke faruwa a cikin wani rami a garinmu ba. Na karanta shi ne a matsayin matakala zuwa 2022. Shekara uku idona yana kan ranar fita, har ban ga abin da ake zuba mini a hannu ba. Kuma ba ni kaɗai ba ne. Ku tambayi ɗaliban aji uku me suke karantawa, da yawa za su gaya muku saura zango nawa.

Wannan ita ce ɓarnar farko da jadawali yake yi: yana mai da shekarun karatu ɗakin jira. Ta biyu ta fi ta muni. A wata takwas ɗin nan na yajin aiki, na san abokai da yawa, har da ni, da ba mu kama komai ba, don kullum ana cewa mako mai zuwa za a sasanta. Wa zai je ya durƙusa wa tela ko mai gyaran waya a Farm Centre ya ce a koya masa, alhali jibi za a koma aji, kuma shi mai digiri ne nan da 'yan watanni? Muka zauna jiran gawon shanu. Waɗanda suka fi mu wayo su ne waɗanda suka yanke ƙauna da wuri. Wata 'yar ajinmu tun a watan Afrilu ta ce ita ta ɗauka an rufe makarantar har abada, ta shiga koyon ɗinki, kafin a dawo tana karɓar ɗinkin biki. Mun yi mata dariya a lokacin.

Daga karofi na koma ta cikin lunguna na faɗa Kasuwar Kurmi, wadda ita ma tun zamanin Muhammadu Rumfa take, a ƙarni na 15. Hadari ya haɗo, kafin in fita ruwa ya tsuge. Na fake a wata rumfa da ake sayar da galura da soda da sauran kayan rini na zamani, an jera su a robobi, ja da ɗorawa da algashi. Mai rumfar, wani magidanci mai yawan magana, ya matsa mini a benci. Muna hira yana auna wa wata mata hoda a ƙaramin sikeli, yana lissafi a bayan kwalin sigari. Ya ce yaronsa ya tafi, yana neman wanda zai riƙa rubuta masa shiga da fita, ya kuma iya karanta rubutun da ke jikin buhunan da ake kawowa daga waje, don an sha sayar masa da abin da ba shi ya nema ba. Ya ce in ina da wani ƙane da ke zaman banza in turo shi. Bai ko kawo cewa ni zan so ba, ai ni ɗan jami'a ne.

Na ce ya ba ni lambarsa. Wayata ta mutu, babu caji. Na laluba walat, takardar da na samu ita ce ta 2016, ta yi laushi, ninkin ya fara yagewa. Na juya bayanta na rubuta lambar. Ban yi haka don wata alama ba, ita ce kawai takardar da ke jikina.

Na san abin da za a ce, don an faɗa mini. Za a ce ba a fafe gora ranar tafiya, wanda bai shirya ba ya shirya faɗuwa. Za a kawo hadisin mutumin da aka ce wa ya ɗaure raƙuminsa sa'an nan ya yi tawakkali. Duk na yarda. Amma ɗaure raƙumi aiki ne na yau, da igiyar da ke hannunka. Ba a ce masa ya rubuta ranar da raƙumin zai isa Agadas ba. Shiri daban, jadawali daban. Shiri shi ne ka iya abu, ka san mutane, ka riƙe amana, ka tara ɗan abin da za ka tara. Jadawali shi ne ka ɗaura wa kanka ranaku a kan abubuwan da ba a hannunka suke ba, sa'an nan ka riƙa auna darajarka da su. Mu da aka umarta a Suratul Kahfi kada mu ce za mu yi abu gobe sai mun haɗa da in Allah ya so, abin mamaki ne yadda muka mai da "in sha Allahu" ɗan kari a ƙarshen jimla, muna faɗa da baki, a zuci kuwa mun riga mun buga wa shekarar hatimi.

Ko masu kuɗi ba su tsira ba. Iyaye da yawa a Arewa sun kai 'ya'yansu Sudan karatun likita don gudun yajin aiki, wasu sun sayar da fili don haka. Ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartum, aka kwaso ɗalibai a motoci, wasu suka kwana da kwanaki a kan iyakar Masar kafin a dawo da su. Wani abokina tun na sakandare yana cikinsu, saura masa kaɗan ya gama. Kafin su, na Yukren sun gudo a 2022. Kana naka, Allah na nasa, kuma wannan ba magana ce ta rarrashin talaka kaɗai ba.

Akwai suka guda biyu da suka fi waɗannan nauyi, kuma ba zan yi kamar na gama da su ba. Na farko, za a ce irin wannan magana tana wanke masu mulki: a lalata makarantu, sa'an nan a ce wa yara su koyi sakin buri. Wannan haɗari ne na gaske. Ni dai a wurina, wanda ya daina ɗora wa kansa laifin wata 17 ɗin nan shi ne zai iya ɗaga kai ya tambayi wanda ya cinye su. Mai jin kunya ɓuya yake yi, ba ya tambaya. Kuma akwai abin da za a iya gyarawa gobe ba tare da an kashe ko kwabo ba: tallan neman ma'aikata da ke cewa kada mai nema ya wuce shekara 26 ko 27. A ƙasar da ɗalibi zai zauna shekara biyu yana neman gurbi, a riƙe shi shekara shida a digirin shekara huɗu, ya jira kiran hidimar ƙasa, wannan sharaɗi tace 'ya'yan talakawa yake yi, ya bar waɗanda suka yi jami'o'in kuɗi. Ita kanta hidimar ƙasar, wadda aka kafa a 1973, wanda ya haura 30 kafin ya gama ba ya zuwa.

Na biyu, za a ce sakin jadawali gata ne. Ni ina da uban da ke ciyar da ni. Akwai ɗan fari wanda mahaifinsa ya rasu, ƙanne shida suna kallon ranar da zai fara ɗaukar albashi, an sayar da akuya an biya masa rajista. Shi ba zai iya yawo a gari yana kallon rini ba. Gaskiya ne, kuma ba ni da bakin yi masa wa'azi. Amma na lura irinsu ne suka fi saurin gane abin da nake faɗa, don yunwa ba ta barin su jira. Su ne za ka gani suna tuƙa adaidaita da dare, suna zaman POS, suna koyarwa a makarantun unguwa. Abin da ke cin su ba aikin ba ne, ɓoye shi ne, kada 'yan ajinsu su gani, kada a gida a ce karatun bai yi rana ba.

Halin ɗalibai mata kuwa ya fi namu tsanani, don su jadawali biyu ake riƙe musu a lokaci guda. An yi da uba cewa sai ta gama za a yi biki, yajin aiki ya ci shekara biyu, manemi ya gaji, dangi suka fara ƙus-ƙus cewa ta yi kwantai, kamar kayan kasuwa. Wasu aka cire su a aji uku. Wasu suka yi auren suka dawo da goyo, suna rubuta jarrabawa ƙanwa tana riƙe da jariri a bakin taga. Waɗannan na biyun, a ganina, su ne suka fi kowa fahimtar cewa ba dole abubuwa su zo a jere ba.

Ruwa ya ɗauke wajen la'asar sakaliya. Na bi ta Jakara na nufi Dala, na hau matakalar ina haki, takalmina ya jiƙe sharkaf. A sama akwai yara suna guje-guje, da wasu samari biyu suna ɗaukar hoto. Daga nan gari duk yana ƙarƙashinka: hasumiyoyin babban masallaci, Goron Dutse a can yamma, rufin kwano iya ganinka, tsofaffi masu tsatsa da sababbi masu ƙyalli, hayaƙin girki yana tashi daga tsakar gidaje. A nan ne amsar tambayar marinin ta faɗo mini, har na yi tsaki a fili. Fataken da ke tahowa da jakuna su ne suka bar mana karin maganar hangen Dala, don tun daga nesa suke hango dutsen, su ɗauka an iso, alhali da sauran tafiya. Ni kuwa ga ni a kan Dalar kanta, a garin da aka haife ni, kuma ranar ce na fara shiga birnin.

Na sauko da aka fara kiran magariba. Baba yana ƙofar gida kamar yadda na zata. Ya ce, "Ka ji labari ko? To sai yaushe?" Na ce, "Wallahi Baba ban sani ba." Wannan ne karo na farko da na ba shi wannan amsa. Na ƙara da cewa na samu wani a Kurmi da ke neman yaron shago, ina so in fara zuwa. Ya daɗe bai ce komai ba, yana murza rediyo. Can ya ce, "Da digirin naka?" Na ce ai ban samu digirin ba tukuna. Umma ce ta leƙo daga soro ta ce a bar shi ya je, ya fi zaman kashe wando.

Ba zan ce na yi arziki ba, kada wani ya ɗauka labarin nasara nake bayarwa. Abin da ake ba ni a rumfar bai fi na abinci da kati ba a farko. Da aka koma makaranta a Oktoba na ci gaba da zuwa Asabar da Lahadi. Na gama a 2024, na yi hidimar ƙasa, na dawo. Umma ba ta je Makka ba tukuna, aure kuma ko maganarsa ba a fara ba. Amma zangunan ƙarshen nan su ne karatun da na fi ji a jikina, don duk abin da aka rubuta a allo ina da buhun da zan kwatanta shi da shi. Na koma karofi na ba dattijon amsarsa, ya ce ai ya sani, zafi ramin yake so, yana dai son ya ji yadda ake faɗa a boko ne.

Baba bai saki nasa jadawalin ba, kuma na daina sa ran zai saki. Ranar Juma'ar da ta wuce ya ce in buga takarduna kwafi uku, akwai wani tsohon abokin aikinsa da zai je Abuja. Na buga, na sa a ambulan, na rubuta sunana a baya kamar yadda ya ce. Washegari na ajiye masa a kan tabarma na fita da sassafe, don ranar Asabar marinan Kura da wuri suke shigowa sayen kaya, kuma maigidana ba ya son su tarar da rumfa a rufe.